Hasken lungu ya fi na ƙofar gida amfani

Duk mai cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Jibiya, ya san ba a dawowa gida da sauran rana. Kafin a gama lissafi, a ɗaure kaya, a wuce shingen duwan, isha'i ta yi. Mota ta sauke ka a bakin kwalta. Daga nan zuwa gidanka fa? Lungu ne baƙi ƙirin, ga kuɗin ciniki a aljihu, ga kwata a buɗe, da damina kuma ga kububuwa.

A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jama'a da dama sun koma ga fitilun sola. Madalla da haka. To amma ku duba inda aka kafa su. Kowane mai hali ya ɗora ƙatuwar fitila bisa ƙofarsa, tana dukan idon mai tahowa. Idon ɗan Adam kuwa, in haske mai ƙarfi ya doke shi, sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin ya sake sabawa da duhu sosai. Ke nan mai kabu-kabun da ya wuce ƙofar Alhaji ya faɗa lungu, a makance yake tafiya, yara kuma na fitowa daga makarantar dare. Ɓarawo ma ya san da haka, shi ya sa yake laɓewa daidai inda hasken ya ƙare.

A ganina, ƙananan fitilu huɗu a jere, masu kallon ƙasa, sun fi babba guda. A sa ɗaya a kwana, ɗaya wajen famfo, ɗaya inda kwata ta ratsa hanya, ɗaya kusa da masallaci. Kada a juya su cikin gidajen mutane, domin da zafi a tsakar gida iyali ke kwana.

Saye ba shi ne wahala ba, ƴan uwa. Wahalar ita ce kulawa. Ƙurar hunturu na rufe gilashin sola har ya kasa cika batir, zafin bazara kuma na rage wa batirin kwana. Fitilar da babu mai ita, ran da ta mutu kowa sai ya ce magajin gari ya zo ya gyara. Yaushe?

Ku da kuka iya adashi a kasuwa, wannan ba zai gagare ku ba. Kowane gida ya ba da dala ashirin a mako, har da gidajen haya, mai unguwa ya shaida, a rubuta a littafi. A ɗauki yaro guda ya riƙa goge gilashin duk Juma'a, a ba shi na goro, sauran kuɗin a ajiye don sayen batir.