Masu yi wa mai tambaya dariya, ku ma kuna da alhakin 'ya'yan Fadaman Mada

Yau maganar tsakaninmu ce, kuma wasu ba za su ji daɗinta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar fensir da takarda, ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara yi wa masu zana jarrabawar waje tasu a kwamfuta. Neman bashin karatu na NELFUND, neman aikin soja ko ɗan sanda, rajistar bautar ƙasa, duba sakamako, biyan kuɗin makaranta, duk sun koma intanet. Amma har gobe a unguwar nan akwai yaron da zai gama aji shida na sakandare, ya haddace littafinsa tas, ranar jarrabawa kuma ita ce ranar farko da zai zauna gaban kwamfuta. Mintocin da ɗan wata unguwa yake amsa tambaya, namu yana neman inda harafin N yake don ya wuce gaba, hannunsa na rawa kada ya taɓa S ya miƙa jarrabawar bai gama ba. In sakamako ya fito sai mu ce yaran yanzu ba sa karatu.

Mun saba ɗora wa gwamnati laifi, kuma tana da nata kason. Makarantun gwamnati da yawa darasin kwamfuta a kan allo ake yin sa, malami ya zana hoton linzami da alli, yara su kwafa. Wannan gaskiya ne. Sai dai a yau muna so mu taɓo kason da yake namu, domin shi ne muke da ikon gyarawa kafin a sake buɗe rajistar JAMB.

Na farko su ne 'yan uwanmu da Allah ya ba su sanin abin, suka mayar da shi kamar asirin gado. Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na unguwa ya san su. Dattijo zai cire kunya ya tambaya yadda ake tura takarda ta imel, ko wata baiwar Allah ta ce an ce ta mayar da hoton satifiket ɗinta PDF, ba ta san yadda ake yi ba. Kafin a samu mai amsa ɗaya an samu masu dariya biyar. Wani ya turo hoton fuska mai hawayen dariya, wani ya ce “har yanzu a nan kike?”, wani ya amsa da Turancin da shi kansa bai gama fahimta ba don dai a san ya yi jami'a. Daga ranar an kashe bakin mai tambaya, an kuma kashe bakin mutum ashirin da suke da tambaya iri ɗaya suna jira su ga yadda za a karɓe ta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mu kuma mun mayar da zauren unguwa wurin da matambayi ke kwasar kunya.

Ku san abin da dariyar nan take jawowa. Wanda ya ji kunyar tambaya a cikin 'yan uwansa, wurin baƙo zai tafi. Zai miƙa lambar NIN ɗinsa da ta BVN da kalmar sirrin imel ɗinsa ga wanda bai san gidansu ba. Mutum nawa muka sani da aka buɗe musu imel a kafe, mai kafen ya sa lambar wayarsa, yau sun rasa hanyar shiga, kuma a nan ake turo musu saƙon makaranta? Mutum nawa aka rubuta musu suna ko ranar haihuwa ba daidai ba a fom, suka shafe watanni da dubban nairori suna yawon gyara? Mutum nawa aka turo wa saƙon ƙarya da sunan tallafi, suka danna, aka kwashe ɗan abin da ke asusunsu? Wanda ya yi dariya a zaure bai saci kuɗin kowa ba, amma shi ya kora mutumin zuwa inda aka sace.

Na biyu su ne masu sayar da takarda da sunan koyarwa. Ba duka cibiyoyi ba ne, akwai masu tsoron Allah da suke aiki tsakani da gaskiya. Amma mun ga irin wadda za a tara yara goma a kan kwamfuta ɗaya, a yi wata uku ana rubuta “mene ne kwamfuta” da tarihin ƙirarta a littafi, a ƙarshe a yi walima, a ba yaro satifiket mai ƙyalli da hular kammalawa. Ka ce ya buga maka wasiƙar neman aiki ya adana ta inda zai same ta gobe, sai ido ya raina fata. Uba ya biya kuɗi da guminsa, an ba shi kwali. Iyaye, kafin ku biya ko sisi ku je da kanku ku ƙirga kwamfutocin da suke kunnuwa, ku ƙirga ɗaliban, ku tambayi awa nawa yaro zai riƙa taɓa madannai da hannunsa.

Na uku su ne masu cewa abin na 'yan boko ne, ko kuma ya fi ƙarfin wanda Turancinsa bai nuna ba. Wannan maganar ita ce ta fi cutar da mu, domin ƙarya ce da masu abin suka bari ta yaɗu. Bari mu nuna muku. Duk wanda ya taɓa sa tauraro a gaba da bayan kalma a WhatsApp don ta fito da kauri, ya riga ya shiga ilimin da ake tsara shafukan intanet da shi. Ka sa alama, na'ura ta gane abin da kake nufi, ta gyara rubutun. A Wikipedia ta Hausa, waƙafin sama uku a gaba da bayan kalma shi ke sa ta kauri. Alamar daidai guda biyu a kowane gefe tana mayar da layi ya zama kan magana. Baka mai kusurwa biyu a kowane gefe na kalmar Bauchi tana mayar da ita ƙofar da mai karatu zai danna ya shiga maƙalar Bauchi. Harshen HTML, wanda ake gina shafukan intanet da shi, haka yake: alamar buɗewa, rubutu, alamar rufewa. Yaron da ya iya bambanta wasali da ɗauri a allonsa, ya san inda ake madda da inda ake tsayawa, wane ne zai ce masa wannan ya fi ƙarfinsa?

Kuma ku duba yadda abin ya zo duniya. Baturen Ingila Tim Berners-Lee shi ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, ya gabatar da shawararsa a 1989. Ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa, ba ta nemi ko kwabo ba. Waɗanda suka ƙera abin sun bayar da shi kyauta, sai a Fadaman Mada ne wani zai ɓoye wa maƙwabcinsa yadda ake buɗe imel. Wikipedia ɗin da muka ambata, 'yan sa kai ne suke rubuta ta, har da ta Hausa, wadda matasa daga Kano da Kaduna da Katsina da sauran garuruwa suke ta ciyarwa gaba. Daga cikin ƙa'idojin masu aikin Wikipedia akwai kyautata wa sabon shiga zato da hana tsangwamarsa in ya yi kuskure. Akwai ma shafin gwaji inda sabo zai ɓata ya gyara ba mai ce masa uffan. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskar juna ba sun iya wannan ladabin. Mu da muke haɗuwa a masallaci da wajen suna da jana'iza me zai hana mu?

Ga wani abu da ya shafi harshenmu kai tsaye. Da yawanmu muna rubuta “kasa” muna nufin ƙasa, mu rubuta “bata” muna nufin ɓata, mu rubuta “daki” muna nufin ɗaki, mu ce waya ba ta da haruffan. Tana da su. Manhajar Gboard da ke cikin yawancin wayoyin Android tana da allon rubutun Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, ƙara shi ba ya cin minti biyu. Wanda ya sani a cikinmu mutum nawa ya nuna wa?

Mun san abin da za a ce. Za a ce babu wuta. To, wayoyin da muke raba dare muna kallon bidiyo da su da me ake yi musu caji? Shagunan caji da sola sun cika unguwa, kuma laftof in ya cika yana ɗaukar darasin yamma guda. Za a ce babu kwamfutoci. A gidaje nawa ne a unguwar nan laftof yake kwance a durowa tun da mai shi ya gama firojet? Za a ce babu malamai. Garin da yake da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, da ta Abubakar Tatari Ali, kuma ɗalibansu da waɗanda suka gama suna kwana a layukanmu, ba zai ce ya rasa mai nuna wa yaro yadda ake adana fayil ba. Za a ce a jira gwamnati, ai ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku. Madalla da shirin. Amma shi kansa ta intanet ake nemansa, da imel ake shigarsa. Wanda bai iya cike fom ba a bakin ƙofa zai tsaya, gurbin kuma ya tafi ga wanda 'yan unguwarsu suka koya masa.

Akwai iyayen da suke tsoron abin da intanet ke yi wa tarbiyya, musamman ta 'ya'ya mata. Ba ma raina wannan tsoron, muna ganin abin da suke gani. Sai dai wayar ta riga ta shiga ɗaki, da izininmu ko babu. Yarinyar da ta san yadda ake rufe shafinta, ta san ba a ba kowa lambar da banki ya turo, ta san yadda ake toshe mai damunta, ta fi tsira a kan wadda aka bari tana lalube a ɓoye. Kuma wa ya ce sai namiji zai koya mata? Muna da malamai mata da ma'aikatan jinya da ɗaliban jami'a mata a unguwar nan. A ware wa mata ranarsu da wurinsu, mace ta koya wa mace, matan aure su zo da goyonsu.

Masu kafe kuma kada su ɗauka da su muke. Buga takarda da ɗaukar hoto da sikanin da haɗa littafi ba za su ƙare ba. Kwastoman da ya san abin da yake so ma ya fi sauƙin sha'ani, ba zai dawo gobe yana rigima an ɓata masa suna ba.

Bauchi ba baƙuwa ba ce a wannan hanya. A farkon shekarun 1940, a garin nan Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suke zama a majalisar tattaunawa, ana tambaya ana amsawa, har abin ya zama tushen farkawar Arewa. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, magidanta masu furfura suka zauna a tabarma suna koyon a, ba, ca, ba wanda ya ce sun tsufa. Jahilcin zamaninmu ya canza riga ne kawai, kuma maganinsa bai canza ba: wanda ya sani ya zauna da wanda bai sani ba.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai, kuma muna so a tattauna shi a taro mai zuwa, ba a bar shi a nan ana danna alamar so ba.

Masu kula da zaurukanmu su kafa doka: duk wanda ya yi wa mai tambaya ba'a a ja masa kunne sau ɗaya, in ya sake a cire shi, ko ɗan wane ne. A amsa tambaya da Hausa, mataki bayan mataki, da hoton allo in da hali.

A samu aji ɗaya a wata makarantar unguwa ko Islamiyya ranakun Asabar da Lahadi. Masu laftof su ba da aro, a rubuta suna, a mayar wa kowa abinsa lafiya. Kuɗin da muke kashewa a kalanda da rigunan anko na taron shekara, a bana a karkatar da shi zuwa data da caji.

Kada a karɓi kuɗin kowa, kada a raba satifiket. Shaidar gamawa ita ce mutum ya yi abubuwan nan da hannunsa a gaban jama'a: ya kunna kwamfuta ya kashe ta yadda ya kamata, ya buga shafi ɗaya na Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, ya adana fayil ya nemo shi, ya buɗe imel da lambar wayarsa shi kansa ya tura takarda, ya cike fom na gwaji, ya gane saƙon damfara in ya gan shi. Masu zana JAMB su ƙara da atisayen amsa tambayoyi da agogo a gabansu. Wanda ya so ci gaba a koya masa alamomin tsara rubutu, ya gyara maƙala ɗaya a Wikipedia ta Hausa, ko da kuskuren harafi ne a tarihin garinsu.

Ladan da za a biya guda ne: wanda aka koya wa, ya koya wa mutum biyu.

Matasanmu da suka iya, ku rubuta sunayenku wajen sakataren ƙungiya da ranar da kuke da sarari. Iyayenmu mata da maza, ku turo yaran, ku ma ku zo, kujerar gaba taku ce. Wanda kuma ya ga ba zai iya koyarwa ba, to aƙalla ya kame bakinsa in wani ya yi tambaya. Allah ya sa mu dace, ya albarkaci zuri'armu, ya ba unguwarmu da jiharmu zaman lafiya. Amin.