Hannu Ɗaya Bai Hana Shi Ƙera Sojoji Ba

Jama'a, kun san tagwayen nan na Ingila, Alan da Michael Perry? Gwanaye ne wajen ƙera 'yan mitsi-mitsin sojoji masu tsayin milimita 28. Wani danƙo suke murzawa, shuɗi da rawaya, har ya koma kore. Kafin ya daskare sai su fitar da fuska, hula da takobi.

A 1996, wajen kwaikwayon wani tsohon yaƙi a Faransa, igwa ta tashi da hannun daman Michael. Gogan bai karaya ba, ya koyi aikin da hagu. Daga baya har darakta Peter Jackson ya riƙa ba su aikin ƙera masa sojoji.

To, kai mai hannu biyu da ke kukan rashin kayan aiki, mene ne uzurinka?