Ƙarfin ginin ƙarfe yana wurin walda

Ranar 21 ga watan Oktoba na shekarar 1994, wani yanki na gadar Seongsu da ke birnin Seul na Koriya ta Kudu ya ɓalle ya faɗa cikin kogin Han, mutum 32 suka rasa rayukansu. Gadar saƙar ƙarfe ce, shekarunta 15 kacal. Da aka bincika, sai aka tarar waldar sandunan da ke riƙe da yankin ba ta ratsa ƙarfen yadda ya kamata ba. Kafin nan, a 1980, dandalin Alexander Kielland na ma'aikatan man fetur a tekun Norwe ya kife da mutane, 123 suka mutu, tsagar kuwa ta faro ne daga wata ƴar walda mai kaurin milimita 6. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk wanda ya dubi turken lantarki ko ƙafafun tankin ruwa zai ga sanduna an gicciya su kusurwa uku-uku. Dalili shi ne, firam mai kusurwa huɗu yana karkacewa in an tura shi, amma mai kusurwa uku ba ya sake siffa sai in sanda ta lanƙwashe ko mahaɗa ta ɓalle. Tun a 1744 masanin lissafi Euler ya nuna cewa in aka ninka tsawon siririyar sanda sau biyu, nauyin da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ake tare dogayen sanduna da gajeru. Da wannan dabara aka kammala hasumiyar Eiffel a Paris a 1889, mai tsawon mita 300, da ƙarfe wajen tan 7,300 kawai. Sai dai dukkan nauyi ta mahaɗa yake bi, in ta yi rauni lissafin ya tashi banza.

Nan ne binciken injiniyoyi kan mutum-mutumin walda ya shigo. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara aiki da na'urar Unimate a 1961, a 1969 kuma ya jera irinta suna waldar jikin motoci a jihar Ohayo. Wahalar aikin ita ce, ƙarfe yana motsi in ya ji zafi, layin da za a bi ya goce. Don haka masu bincike suka ba na'urar ido: wata tana haska layin da hasken leza, wata tana auna canjin ƙarfin wuta yayin da bakin walda ke kai da komo, kwamfuta kuwa tana gyara hannun nan take. A 2021 aka buɗe wata gadar ƙafa mai tsawon mita 12 a Amstadam, wadda irin waɗannan na'urori suka gina ɗigon walda bisa ɗigo. Ba a buɗe ta a Amstadam ba sai da aka ɗora mata nauyi aka auna, tare da masanan jami'ar Imperial ta Landan.

Wasu za su ce wannan zancen Turawa ne, ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Tawa? Ruwansu kuwa har wuya. Rumfar kasuwa, rufin aji, sito da tankin ruwan unguwa duk a kan walda suke tsaye, kuma ƙarƙashinsu ƴaƴanmu da dukiyarmu suke idan iskar farkon damina ta taso.

Ba muna kira a sayo mutum-mutumi ba ne. Wannan na'ura ba ta mayar da kuɗinta sai inda ake maimaita aiki iri ɗaya sau dubbai, da wutar da ba ta yankewa. Abin ɗauka daga binciken shi ne, kafin a koya wa na'ura walda sai da aka mayar da sana'ar lissafi: ƙarfin wuta nawa, saurin hannu nawa, tazara nawa tsakanin ƙarfe biyu. Abin da aka rubuta ana iya koyar da shi, ana kuma iya tuhumar wanda ya saɓa masa. Masu waldarmu suna da hannu, abin da ya rage a ba su ma'auni.

Saboda haka muna ganin ya kamata kowace kwangilar ginin ƙarfe ta faɗi kaurin ƙarfen da irin waldar, a kuma duba mahaɗai kafin a shafa fenti, don fenti yana rufe aibi. Gwajin ba ya da tsada: akwai jan ruwa da ake shafawa ya tona tsaga, akwai lanƙwasa samfur a ga ko zai karye. Makarantu irin su EMIG ta Yamai da lisen fasaha na Ɗan Kasawa a Maraɗi za su iya gwada masu walda su ba su takardar shaida, in hukuma ta ɗora musu wannan nauyi ta kuma ba su kayan aiki.

Ɗan kasuwar da ya matsa wa mai walda ya rage kuɗi, ya sani daga kaurin ƙarfe za a rage, araha kuwa ba ta ado. Ma'aikacin da zai sa hannu a takardar karɓar aiki, ya fara zuwa ya ɗaga kai ya dubi mahaɗai tukuna. In rufin ya faɗi, sunansa ne ke kan takardar.