Fitilar Babur Ba Adon Biki Ba Ce

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin birnin Kano bayan magariba, daga Mandawari ko Jakara zuwa Ƙofar Mata, ya san abin da muke nufi. Kana tafe a gefen kwata, sai ga wani haske shuɗi yana walƙiya a gabanka. Ba ka san ko babur ba ne, ko a-daidaita-sahu, ko kuwa jami'an tsaro. Kafin ka gane, ya riga ya iso kanka.

'Yan'uwa ɗalibai, launin fitilar abin hawa magana ce, kuma kusan duk duniya harshe ɗaya ake yi da ita. Fari ko ruwan ɗorawa a gaba yana cewa, "Ga ni nan tafe." Ja a baya yana cewa, "Ina gabanka," in kuma ya ƙara ƙarfi, an taka birki ke nan. Ruwan goro mai ƙyaftawa shi ne sigina. A kan wannan tsari ƙasashe suka yi yarjejeniya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1968, kuma shi ne dokokin hanya na ƙasarmu na 2012 suke bi. Jiniya da fitila mai juyawa kuwa an keɓe su ga masu aikin gaggawa, irin su 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motar asibiti.

To, yaron da ya sa jan ƙwai a gaban babur ɗinsa me ya faɗa? Ya gaya wa tsohuwar da ke shirin tsallaka titi cewa tafiya yake yi yana nisa da ita, alhali kanta ya nufo. Mu a wurinmu wannan ƙarya ce, ko da ba da baki aka yi ta ba. Wanda ya mai da fitilar birkinsa fara mai walƙiya, shi ma ya ruɗa na bayansa. A lungun da babur biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya rage gudu, ga yara, ga awaki, ga mai kurar ruwa, ruɗewar daƙiƙa ɗaya ta isa.

Akwai kuma masu ƙara ƙwayaye masu hasken tsiya. Ba za mu ƙi jin uzurinsu ba: lunguna da yawa babu fitilar titi, ramuka sun yi yawa, wasu kwatocin a buɗe suke. Amma gidan fitila an ƙera shi ne daidai da irin ƙwan da ya zo da shi, domin ya kwantar da haske a kan hanya. In aka cusa masa wani iri dabam, sai hasken ya watsu sama ya shiga idon mai zuwa. Idon da aka kashe da haske yakan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ya dawo, na tsoho ya fi jimawa. Lokacin hunturu abin ya fi muni, gama hazo yakan mai da hasken ma kan mai shi. Sau da yawa goge gilashi da daidaita fitilar ta dubi ƙasa sun fi ƙarin ƙwai amfani, ba su kuma cin ko kwabo.

Hukuma dai akwai ta. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari, Jihar Kano kuma ta kafa KAROTA a 2012. Sai dai jami'i a manyan tituna yake tsayawa, ba zai iya bin kowane lungu ba. Shi ya sa muke ganin a fara daga mai wayarin da ke haɗa fitilun da mai shagon da ke sayar da su, ta hannun ƙungiyoyinsu da masu unguwanni, waɗanda har gobe ana jin maganarsu a cikin birni.

Saura mu. Da yawa cikinmu za mu hau babur ɗin baba ko na yaya a wannan hutu, wasunmu ma sun fara tara kuɗin ado. Kafin mu fita, mu sa ƙane ya tsaya a baya, mu taka birki, mu tambaye shi launin da ya gani.