An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Cikin takardun da suka zo mana makon nan akwai ta wani malamin makaranta, wadda muka ga ya kamata a amsa a fili, gama abin da ya dame shi ya dami mutane da yawa. Ya ce ƙanensa yana da babbar mota, yana ɗaukar tumatir daga Kadawa zuwa Ikko. Sau biyu cikin shekara guda ya sayi sababbin batura, amma ran nan suka tsaya salla kusa da Jebba, da suka idar mota ta ƙi tashi. Kwana biyu suna nan, kaya suka ruɓe, ga bashi ya hau kansa. Malamin yana tambaya, ko baturan zamani ne ba su da ƙarko?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Batir kamar randa ya ke, altaneta kuwa, wadda dattawan direbobi ke ce wa dainamo, ita ce mai ɗebo ruwa tana zubawa sa'ad da inji ke tafiya. In hanyar da ke tsakaninsu ta toshe, ko randa goma aka saya ba za ta cika ba. Hanyar nan ita ce wayoyi da mahaɗansu, nan ne kuwa cuta ta fi ɓuya.

Ga yadda za a gane. Ƙarfin wutar lantarki da bolt a ke auna shi. Yawancin manyan motocinmu batura biyu gare su, kowane bolt 12, an jera su sun zama 24. Batir cikakke wanda ya huta ya kan nuna wajen 12.6, biyun kuwa wajen 25. In an ta da inji, ya kamata mita ta hau zuwa wajen 28. To, a sa mai gyaran waya ya auna a bayan altaneta, ya kuma auna a kan batura, fitilu suna kunne. In bambanci ya wuce rabin bolt, wuta tana ɓacewa a hanya. Haka kuma mahaɗin da ya yi zafi bayan an murza makulli, shi ne ɓarawon.

Maganin ba shi da tsada. A kashe inji, a zare makulli. A fara kwance kan batir mai alamar ɗebewa, wanda wayarsa ke haɗe da jikin mota, sa'an nan mai alamar tarawa. In za a mayar, sai a juya, mai ɗebewa ya zama na ƙarshe. Dalili kuwa, in aka fara da mai tarawa, sufana ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsi zai tashi. Farin garin nan ko shuɗi da ke taruwa a kan batir, ruwan batir ne ya ci ƙarfe. A wanke shi da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, sa'an nan a shafa ɗan giris a bisa. Kada a manta da gajeriyar wayar da ke tsakanin batura biyu, da inda waya ta kama jikin mota, da notunan bayan sitata da altaneta. A duba fambel, in ya yi sako-sako altaneta ba za ta yi aiki sosai ba. A ɗaure baturan kansu, don girgizar hanya tana kashe su. In masu murfi ne, a ƙara tataccen ruwa na kanti har ya rufe farantan ciki, ban da ruwan rijiya.

Akwai kuma al'adu huɗu da mu ke roƙo a bari. Na fari, buga kan batir da guduma ko cusa masa ƙusa don ya kama. Na biyu, cire kan batir inji yana tafiya wai don a gwada caji, wannan yana ƙona altaneta. Na uku, jan wayar rediyo ko cajin tarho daga batir guda, gama shi zai riƙa ramewa, ɗan'uwansa yana ƙoshi fiye da kima, duka biyu su lalace. Na huɗu, leƙa batir da ashana ko taba a baki, domin yana fitar da wata iska mai kama wuta, ta makantar da mutum nan take.

Ku malamai da akawuna, Allah ya ba ku karatu, da wuya kuwa a sami wanda ba shi da ɗan'uwa direba ko yaron mota. Ku karanta musu wannan. Aikin rabin sa'a ne ran Jumma'a da safe, ya fi kwana biyu a bakin hanya ana kallon dukiya tana ruɓewa. Malam, ka gaya wa ƙanenka kada ya sayi batura na uku sai an auna wayoyinsa, ka kuma aiko mana da labarin abin da aka samu.

Allah ya kiyaye hanya, amin. Sai mako mai zuwa.