Waiwaye: Ƙiriniya ce ko larura, wa ke aunawa?

A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin wasu yara da hankalinsu ba ya tsayawa wuri guda, horo kuma ba ya gyara su. Shi a ganinsa raunin kame kai ne. Sai a 1987 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka raɗa wa larurar sunan ADHD a kundinsu na DSM. Bugun 2013 ya ce dole alamomin su soma kafin yaro ya cika shekara 12, su ɗauki wata shida, su kuma bayyana a wurare biyu aƙalla, kamar gida da makaranta.

Ma'auni ne mai kyau, amma idon mutum ke karanta shi. A wani nazari na 1992 an nuna wa likitocin Sin da Indunusiya da Japan da Amurka bidiyon yara iri ɗaya. Na Sin da Indunusiya suka fi na Amurka da Japan ganin rawar kai a jikin yaran nan.

To ina ga matashin Sabon Gari a Sakkwato? Cikin alamomin akwai yaro ya zama kamar ba ya sauraro idan ana masa magana. Mu kuwa ɗa mai kunya sunkuyar da kai yake gaban babba, ya yi shiru. Ɗan makarantar allo yana rangaji yana ɗaga murya, malaminsa na jin daɗi, amma ya yi haka a ajin boko sai a ce ya gagara. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce budurwar da ba ta hayaniya, sai mantuwa da ƙona tuwo, a yi ta kiranta sakarya har a yi mata aure.

Larurar dai gaskiya ce. Wani babban nazari na 2007 ya gano kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da ita, kuma bambancin ƙasashe galibi daga salon bincike yake.

Iyaye, yaron da dorina ta shekara ba ta sauya shi ba, a kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Likitocinmu kuma su yi tambayoyinsu da Hausa, su ji ta bakin uwa da malamin allo kafin su rubuta magani.