Intanet Daga Sama, Kuɗinsa Ma Ya Yi Sama

A Kubwa, garin ma'aikatan nan da ke bakin Abuja, an fara ganin wani farin faranti a kan rufin waɗansu gidaje. Na kamfanin Starlink ne, mallakar attajirin Amurka Elon Musk, wanda ke jawo intanet kai tsaye daga taurarin ɗan'adam. A cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal akwai waɗanda suka bar iyali a Kubwa, kuma ba mamaki yara sun fara matsa wa wani lamba ya aiko da kuɗin faranti. To, kafin ya sa hannu aljihu, ya kamata ya zauna ya yi lissafi.

Kamfanin ya fara aiki a Nijeriya a ƙarshen watan Janairun 2023, kuma nan ce ƙasa ta farko da ya shiga a Afirka. A lokacin kuɗin wata bai kai N20,000 ba. Da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara, dala ta tashi, kuɗin ya bi ta har ya kai N38,000. A Oktoban 2024 kamfanin ya ce zai mai da shi N75,000, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ce ba da izininta ba, dole aka dakata. Amma da hukumar ta yarje wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai Starlink ya kwashe rabonsa cif, ko kwabo bai bari ba: N57,000 a wata. Farantin da kayansa kuwa sun kai N590,000.

Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 N70,000 ne. Ke nan faranti kaɗai ya cinye albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci, shekarar farko gaba ɗaya kuwa ta haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ba a ma zo maganar wuta ba, gama farantin ba ya aiki sai da lantarki, ga shi kuwa kowa ya san halin wutar unguwannin bayan gari.

Babu mai musun kayan na da kyau. Taurarinsa suna shawagi kimanin kilomita 550 ne daga ƙasa, alhali irin na da suna can nisan kilomita 36,000, shi ya sa magana da hoto ba sa jinkiri. Amma Kubwa ba ƙauye ba ce. MTN da Airtel da Glo duk suna nan, kuma gidan da buƙatarsa ita ce gaisuwa ta WhatsApp da karatun yara zai biya ta da kuɗin da bai kai haka ba. Faranti ya fi dacewa da mai sana'ar da cin abincinsa ya rataya a kan intanet, ko mutumin karkara inda waya ba ta kamawa.

Abin da ya sa kamfanin ke yanka farashi yadda ya ga dama shi ne ba shi da kishiya a sama. A ƙarshen 2024 har sai da ya daina karɓar sababbin masu saye a Abuja da Ikko don sun yi masa yawa. Mai shagon da ke korar masu ciniki, me zai sa ya yi rangwame? Nijeriya kuwa tana da nata tauraron, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, sai dai da wuya a sami magidanci a Kubwa da zai ce daga gare shi yake samun intanet. Tsawata wa Starlink da NCC ta yi daidai ne, amma watanni kaɗan ta saya wa jama'a. Aikin da ke gabanta shi ne ta sauƙaƙa wa waɗansu kamfanonin tauraro shigowa, Gwamnatin Tarayya kuma ta sa a ja wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa har Byazhin da Dutsen Alhaji, ba Maitama da Asokoro kaɗai ba.